Me Ya Sa Kwantirolar MIDI Da Sintesaizar Da Na Haɗa Suke Gardama?

Tambaya: Wani mai karatu ya rubuto cewa ya haɗa kwantirolar MIDI da hannunsa, wato na'urar da ba ta fitar da sauti da kanta, sai dai ta aika umarni ga wata na'urar kiɗa. Ya gina ta a kan allon Arduino Uno da mamurɗai 8 da maɓallan fiyano 25, sannan ya haɗa ƙaramar sintesaiza mai osileta ɗaya domin ta karɓi umarnin ta mayar da shi sauti. Kokensa huɗu ne: idan ya haɗa kwantirolar da sintesaizar kamfani ba ta amsawa sam, lambobin mamurɗai suna rawa ko ba a taɓa su ba, wasu notoci suna maƙalewa su ci gaba da ƙara bayan an ɗaga yatsa, kuma sautin sintesaizarsa yana kaucewa daga daidai yayin da ake hawa zuwa notoci na sama. Yana tambaya ko ya sake rubuta manhajar daga farko, ko kuwa ya sauya allon baki ɗaya.

Amsa: Malam, kada ka sake rubuta manhajar, kuma kada ka sauya allon tukuna, domin babu ɗaya cikin matsalolin nan huɗu da ke nuna cewa allon ya lalace. Abin da kake da shi sarƙa ce mai gaɓoɓi da yawa: wutar da ke ciyar da na'urorin, karatun mamurɗai da maɓallai, saƙon da ake shiryawa, wayar da ke ɗaukar saƙon, ɓangaren da ke karɓa, sai kuma osileta. Wanda yake sauraron lasifika kawai yana ganin sakamakon gaɓoɓin duka a dunƙule, ba zai san wace ce ta gaza ba. Aikinka shi ne ka raba sarƙar, ka gwada kowace gaɓa ita kaɗai, kamar mai neman inda bututun ruwa ya toshe wanda yake kwance mahaɗa ɗaya bayan ɗaya har ya kai inda ruwan ya tsaya. Kuma duk lokacin da ka yi gyara, abu ɗaya za ka canza kafin ka sake gwadawa.

Fara da wuta, ko da kana ganin babu ruwanta. Kafin ka kunna komai, sa mita tsakanin layin wuta da giraun ka tabbatar dalma ba ta haɗe su ba. Bayan ka kunna, auna a kan ƙafafun kowane guntu, ba a bakin adafta ba, ka ga ko bolt 5 suna isa, kuma a ɓangaren sintesaiza ka ga ko bolt 12 na sama da na ƙasa suna nan daidai. Guntun TL072, alal misali, yana karɓar wutar sama a ƙafa ta 8 da ta ƙasa a ƙafa ta 4. Kowane guntu yana buƙatar kafasita mai nanofarad 100 a dab da ƙafar wutarsa, kuma rashin wannan ƙaramin abu yana haifar da matsaloli masu zuwa su tafi waɗanda mutum zai ɗora wa manhaja laifinsu alhali ba nata ba ne. Ina roƙonka kuma ka yi amfani da adafta da aka riga aka haɗa a kamfani, kada ka shigo da wutar bango cikin akwatinka, domin ita kaɗai ce a wannan aikin za ta iya kashe mutum.

Yanzu ga batun rashin amsawa. Yana da kyau ka san yadda layin MIDI yake aiki, saboda ya bambanta da yawancin layukan da masu Arduino suka saba da su. An fitar da ƙa'idarsa a shekarar 1983, bayan ƙoƙarin da Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland suka jagoranta, kuma a watan Janairun wannan shekara aka nuna Prophet-600 da Jupiter-6 suna magana da juna a baje kolin NAMM a Amurka. Waɗanda suka tsara shi sun so a haɗa na'urori ba tare da giraun ɗinsu ya haɗu ba, don kada gunjin wutar bango ya shiga sauti. Saboda haka saƙon ba ya tafiya a matsayin ƙarfin wuta da ake aunawa daga giraun. Yana tafiya ne a matsayin kwararar wuta ta kusan miliamfiya 5, wadda take fita ta ƙafa ta 4 ta soket mai ƙafa biyar, ta kunna wani ɗan ƙwai da ke ɓoye cikin guntun oftokofla a na'urar da ke karɓa, ta dawo ta ƙafa ta 5. Hasken ƙwan ne yake isar da saƙon zuwa ɗaya gefen. Ƙafa ta 2 ta rigar waya ce, ana haɗa ta da giraun a gefen mai aikawa kaɗai, a gefen mai karɓa kuwa ba a haɗa ta kai tsaye.

Tunda ƙwai ne ake kunnawa, idan ka juya ƙafa ta 4 da ta 5 babu abin da zai wuce. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma dalilinsa shi ne jerin ƙafafun soket ɗin ba 1, 2, 3, 4, 5 ba ne, jerinsu 1, 4, 2, 5, 3 ne, sannan zanen da kake bi yana iya nuna soket ta fuskarta alhali kai kana liƙa waya ta bayanta, inda dama ta koma hagu. Ina kyautata zaton abin da ya same ka ke nan, har ma ka maimaita juyin a na'urorinka biyu, shi ya sa suke fahimtar juna amma na'urar kamfani ba ta jin ka. Gwajin ba shi da wahala. Ɗauki ƙwan LED ja, ka sa doguwar ƙafarsa a ramin ƙafa ta 4 na soket ɗin fita, gajeriyar a ramin ƙafa ta 5, ka danna maɓalli. Idan haɗin daidai yake za ka ga ƙwan yana ƙyaftawa. Idan sai ka juya shi yake ƙyaftawa, to ka juya wayoyinka biyu.

A allo mai bolt 5 irin naka, ƙafa ta 4 tana zuwa bolt 5 ta cikin rezista mai om 220, ƙafa ta 5 kuma tana zuwa ƙafar aikawa ta allon ta cikin wata mai om 220. Idan wata rana ka koma allo mai bolt 3.3, kamar Raspberry Pi Pico, waɗannan rezistocin za su rage kwararar zuwa kusan rabin abin da ake buƙata, wasu na'urori su ji wasu su ƙi ji. Gyaran da aka yi wa ƙa'idar a 2014 ya ce a wannan yanayi a sa om 33 a ƙafa ta 4 da om 10 a ƙafa ta 5. Haka nan idan na'urar kamfanin tana amfani da ƙaramin fulogi irin na abin sauraro na kunne maimakon soket mai ƙafa biyar, ka sani iri biyu ne, A da B, bambancinsu kawai juyin waɗannan wayoyi biyu ne, kuma nau'in A aka amince da shi a matsayin ƙa'ida a 2018.

Idan ƙwai ya ƙyafta amma har yanzu shiru, duba gudun aikawa. MIDI yana tafiya a bit 31,250 cikin daƙiƙa ɗaya, ba 9,600 ko 115,200 da ake sawa a yawancin misalan Arduino ba. Sai kuma tasha: a fuskar na'ura tashoshi daga 1 zuwa 16 suke, amma a cikin saƙon kansa daga 0 zuwa 15 ake ƙirga su, don haka wanda ya ƙara 1 a kan lambar umarni yana nufin tasha ta farko, a tasha ta biyu yake aikawa.

A nan zan ba ka shawarar da na fi ɗauka da muhimmanci a duk wannan amsa: ka ga saƙonninka da ido kafin ka saurare su da kunne. Haɗa kwantirolar da kwamfuta ta na'urar da ke mayar da MIDI zuwa USB, ka buɗe manhajar da ke nuna duk saƙon da ya shigo, MIDI-OX a Windows, ko MIDI Monitor a kwamfutar Mac, ko aseqdump a Linux. Idan ka danna maɓalli ɗaya ka saki, layi biyu kacal ya kamata ka gani, na kunnawa da na kashewa. Saƙon kunna nota a tasha ta farko bayit uku ne: 144, sai lambar nota, inda 60 take nufin C ta tsakiya, sai ƙarfin bugu daga 1 zuwa 127. Saƙon kashewa yana farawa da 128, na mamurɗi kuma da 176. Idan ka ɗauke hannunka daga na'urar gaba ɗaya, allon kwamfutar ya kamata ya tsaya cik. Na tabbata naka ba zai tsaya ba, kuma wannan ya kawo mu ga rawar lambobi.

Guntun ATmega328P da ke kan Uno yana karanta mamurɗi ya ba da lamba daga 0 zuwa 1023, kai kuma kana raba ta da 8 don ta shiga tsakanin 0 da 127. Idan mamurɗin ya tsaya a inda karatun yake kai-komo tsakanin 511 da 512, sakamakon zai riƙa tsalle tsakanin 63 da 64 har abada, duk da cewa motsin da ke cikin wutar bai taka kara ya karya ba. Ba za ka iya kawar da wannan motsi gaba ɗaya ba, don haka manhaja ce za ta yi haƙuri da shi. Ka ajiye ɗanyen karatun da ka karɓa na ƙarshe, kada ka karɓi sabo sai ya yi nisa da shi da kamar maki 4 ko fiye, kuma kada ka aika saƙo sai lambar ƙarshe ta 0 zuwa 127 ta canza da gaske. Wasu suna ɗaukar matsakaicin karatu da yawa, wannan yana taimakawa, amma shi kaɗai ba ya hana tsalle a kan iyaka.

Akwai kuma rabon da kayan haɗi suke da shi. Takardar bayanin guntun ta ce an tsara mai karatun ne don abin da juriyarsa ba ta wuce kusan om 10,000 ba, saboda a ciki akwai ɗan kafasita da dole ya cika kafin a yi karatu. Mamurɗi mai om 10,000 idan yana tsakiya yana nuna wa guntun om 2,500 ne kawai, amma mai om 100,000 yana nuna masa 25,000, sai kafasitan ya kasa cika, karatun mamurɗi ɗaya ya riƙa ɗaukar ragowar na maƙwabcinsa. Idan kana murɗa ɗaya ka ga lambar wani tana motsi, wannan ne dalili. Yi amfani da masu om 10,000 waɗanda juriyarsu take hawa daidai wa daida, galibi ana rubuta musu B10K. Tunda Uno yana da ƙafafun karatu 6 ne kuma mamurɗanka 8, na san ka sa guntun zaɓi irin CD4051. To bayan ka sauya layi a kansa, jira 'yan mikrosakan, ka karanta sau biyu ka jefar da na farko. Duk ƙafar shiga da ba ka yi amfani da ita ba ka ɗaure ta da giraun, ka gajarta wayoyi, ka nisanta su da wayoyin ƙwayayen haske.

Maƙalewar nota ita ce matsalar da ta fi ban sha'awa, domin a ganina 'yar rawar lambobi ce. Kowane bayit a layin MIDI yana cin mikrosakan 320, saƙo mai bayit uku yana cin kusan milisakan ɗaya, wato layin ba ya ɗaukar abin da ya wuce saƙo kusan 1,000 a daƙiƙa. Mamurɗai 8 masu rawa suna iya cika wannan layin su kaɗai. A gefen mai karɓa, idan shi ma Arduino ne, ma'ajiyar saƙon shiga bayit 64 ce kawai, kuma idan manhajar tana tsayawa jira da umarnin jinkiri ko tana ɓata lokaci wajen rubutu a kan ƙaramin allon nuni, ma'ajiyar za ta cika a zubar da abin da ya biyo baya. Idan saƙon mamurɗi ne ya zube babu wanda zai lura, amma idan saƙon kashe nota ne, sintesaiza ba ta da hanyar sanin an ɗaga yatsa, za ta ci gaba da ƙara. Saboda haka gyara rawar tukuna, sannan ka cire duk wani umarnin jinkiri daga madaukin manhajar mai karɓa, ka sake gwadawa. Mai yiwuwa matsalar ta tafi daga nan.

Idan ba ta tafi ba, ga sauran wuraren da zan duba. Na'urori da yawa ba sa aika 128 don kashewa, suna aika saƙon kunnawa ne da ƙarfin bugu 0, kuma ƙa'ida ta halatta haka, don haka dole mai karɓa ya ɗauke shi a matsayin kashewa. Ƙa'ida ta kuma yarda mai aikawa ya daina maimaita bayit na umarni idan bai canza ba, ya riƙa turo bayit biyu-biyu kawai. Bayan haka akwai bayit na agogo, 248, da na shaidar cewa waya tana haɗe, 254, waɗanda suke iya faɗowa a tsakiyar wani saƙon. Manhajar da mutum ya rubuta yana zaton kullum bayit uku za su zo a jere za ta rikice a kan waɗannan duka, shi ya sa nake ba masu farawa shawara su yi amfani da laburaren MIDI na Arduino da aka daɗe ana gwadawa. Wani tarko kuma na Uno ne kansa: ƙafafunsa na 0 da 1 su ne na aika saƙo, su ne kuma na magana da kwamfuta, don haka duk rubutun da kake bugawa don bin diddigin manhaja yana fita ta wayar MIDI. Haruffan rubutu lambobi ne ƙasa da 128, sai mai karɓa ya ɗauke su a matsayin notoci na gaske ya kunna su, kuma babu mai kashe su. Idan kana da maɓallin sauya oktaf, tabbatar kana ajiye lambar notar da ka kunna ga kowane maɓalli, ka kashe ita ɗin, ba wadda sabon oktaf ya nuna ba.

A ɓangaren maɓallai, ƙarfen maƙunni yana ɗan tsalle na 'yan milisakan kafin ya zauna, don haka ka yi watsi da duk canjin da ya biyo cikin milisakan 5 zuwa 10. Idan ka jera maɓallan a layuka da ginshiƙai, kowane maɓalli yana buƙatar diyod ɗinsa irin 1N4148, in ba haka ba danna uku tare zai haifar da na huɗu da ba a taɓa ba. A gefen karɓa kuma, idan oftokoflarka 6N138 ce, sa rezista mai om 4,700 zuwa 10,000 daga ƙafa ta 7 zuwa giraun don ta riƙa kashewa da sauri, domin idan ta yi nawa gefunan bit suna kwantawa, a karanta bayit a karkace. Ƙara maɓalli ɗaya na gaggawa da zai aika umarni mai lamba 123, wanda ke kashe duk notoci, abu ne da kowace kwantirola ta cancanta.

Saura kaucewar sauti, wadda ba ta da alaƙa da MIDI ko kaɗan. Yawancin osiletoci suna bin tsarin da aka san kayan Moog da shi, na bolt 1 ga kowane oktaf, wato kowace nota tana da milibolt 83.3. Wasu tsofaffin na'urorin Korg da Yamaha, irin su MS-20, suna bin wani tsari dabam inda ake ninka ƙarfin wuta don hawa oktaf, kuma tsarin biyu ba sa jituwa. Cire wayar da ke kai wannan wuta ga osileta, ka sa mita a kanta, ka danna C ɗaya bayan ɗaya. Tazarar kowace da ta gaba dole ta zama bolt 1.000. Idan ba haka ba, laifin na mai samar da wutar ne. Idan kana samar da ita ta hanyar kunna ƙafa da kashe ta da sauri, matakai 256 kawai kake da su a cikin bolt 5, kowane mataki kusan milibolt 19.5, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tazarar nota, kuma kunne yana jin wannan sarai. Guntu mai bit 12 kamar MCP4922 yana ba da matakai 4,096, kowanne kusan milibolt 1.2 a kan bolt 5, wanda ya wadatar.

Sake aunawa bayan ka mayar da wayar. Idan akwai rezista mai om 1,000 a bakin fita kuma osileta tana da om 100,000 a bakin shiga, kashi 1 cikin 100 na wutar ya tafi. Wannan ƙaramin kaso yana rage kashi 12 cikin 100 na nota a kowane oktaf, idan aka hau oktaf biyar ya wuce rabin nota.

Idan wutar daidai take, to osileta ce ke buƙatar saiti. A zuciyarta akwai tiransista wadda kwararar wutarta take ninkuwa duk lokacin da aka ƙara mata kusan milibolt 18, kuma akwai ƙaramin mamurɗin saiti da ke rage bolt 1 ya koma wannan adadi. Sa irin wanda ake juyawa zagaye da yawa, domin mai zagaye ɗaya ba ya tsayawa inda kake so. Matsalar ita ce wannan milibolt 18 yana canzawa da zafi, kusan kashi 0.33 cikin 100 ga kowane digiri, shi ya sa ake amfani da tiransista biyu masu hali ɗaya a manne da juna, tare da rezista ta musamman wadda juriyarta take hawa da zafi daidai wannan gwargwado, a liƙe a jikinsu. Guntun CEM3340 da kwafinsa AS3340 suna yin wannan gyaran zafi a cikinsu, kuma ga mai farawa na fi son su. Kafasitan da ke ƙayyade gudun osileta shi ma kada ya zama yumbu na gama-gari, nemi nau'in C0G ko na folistirin.

Wajen saitin, bar na'urar ta yi minti 10 zuwa 15 a kunne da murfinta a rufe. Danna A ta ƙasa ka daidaita ta da babban mamurɗi ta zama haz 110 a kan ma'aunin sauti, sannan ka danna A ta gaba. Idan ta gaza 220, buɗa tazarar da mamurɗin saiti, ka koma ta ƙasa ka sake mayar da ita 110, domin juya ɗaya yana motsa ɗayar, kuma sai an yi ta kai-komo kafin su zauna. Idan biyun sun daidaita ka faɗaɗa gwajin zuwa 440 da 880. Za ka iya tarar da oktaf na ƙasa sun yi daidai amma na can sama sun ɗan sauka, kuma wannan yana faruwa ne saboda lokacin da kafasita ke ɗauka kafin ya zubar da cajinsa ba ya raguwa, alhali tsawon kowane zagaye yana raguwa yayin da sauti ke hawa. Wannan yana da nasa mamurɗin saitin dabam a yawancin zane-zane, kuma ana taɓa shi ne a ƙarshe, bayan oktaf uku na ƙasa sun zauna daram.